Batirin da Yake Ɓacewa a Bakin Rijiya

Shekaru sun ja, amma ba na mantawa da ranar da Shef, shugaban wurin aikinmu, ya kira ni buronsa, wato ofishinsa, ya nuna mini wani siririn mutum mai tabarau, ya ce, "Isufu, ga Lawali daga Damagaram. Shi zai riƙe na'urorin zagayen allura." Ku da kuka shigo aikin nan daga baya, kun sha jin ana yabona a kan maganar batiri. To yau ku gyara zama in gaya muku yadda aka yi, don yabon nan ya ishe ni.

A lokacin ina aiki a wani furoje, wato shirin raya kiwo, a nan Tanut. Duk shekara, daga ƙarshen kaka har zuwa shigowar bazara, ana tura ma'aikata daji su yi wa dabbobi allurar rigakafi. Ana raba su ƙungiya-ƙungiya, Shef ya sa hannu a takardar misiyon, wato ta fita aiki daji, mota ta sauke ƙungiya ɗaya a bakin wata rijiya da safe, ta wuce da ta biyu wata rijiyar, sai la'asar ta dawo ta kwashe su. Aikinsu, ban da allurar, shi ne rubuta sunan makiyayi, da irin dabbobinsa, da maganin da aka yi amfani da shi. Ran Alhamis su dawo, a haɗa rapor, wato rahoton aiki, a aika wa manyanmu a Damagaram. Da, a takarda ake rubutawa. A shekarar ne aka ce a bar takarda, kowace ƙungiya ta tafi da kwamfutar hannu.

Ni kuwa shekara tara ina wurin. Ba ni da wani digiri. Gyaran rediyo na koya a rumfar kawuna a kasuwar Gangara, daga nan na lallaɓa har na iya kwamfuta. Amma duk abin da ke cin wuta a buron nan, ni ne likitansa. Na'urar buga takardu ta ƙi, Isufu. Kwamfutar sakatariya ta kamu da cuta, Isufu. Wata bai taɓa ƙarewa ban wanke wata na'ura ba, saboda mutane ba sa daina soka mata kile, ɗan abin nan da ake zuba waƙoƙi a ciki. Ina ta mita a baki, amma a zuci ina jin daɗin abin, don shi ne ya sa ba a iya yi sai da ni.

Lawali bai yi mako biyu ba ya kashe mini wannan kasuwar. Kwamfutoci shida aka ware wa 'yan daji, tsofaffi ne, batiran rabinsu ma na kasuwa ne. Ya share tsarin da ke cikinsu ya zuba Linux. Ga wanda bai sani ba, wani tsari ne da ake samu kyauta, kuma kowa yana iya buɗe cikinsa ya ga yadda aka ɗinka shi. Tsofaffin na'urorin nan suka miƙe garau, cuta ta ɗauke kamar an yi ruwa an ɗauke. Sannan ya buga wata 'yar takarda ya manna a murfin kowace: kada a soka komai a jikin na'urar nan. Shef ya ƙara da cewa duk wanda ya karya dokar, a bakin misiyonsa.

Wayyo, kishi! Ba zan ɓoye muku ba, na ci na ƙoshi. Ranar da Shef ya fito rungume da tasa kwamfutar, ya wuce teburina ko kallo ban ishe shi ba, ya dire ta gaban Lawali, ranar ko fura ban iya sha ba. Masu gadi da suke miƙo mini kofin shayi na farko, yanzu sai na ga ya bi ta gabana ya tafi wurin mai tabarau. Abin da ya fi ƙona mini rai, mutumin ba shi da girman kai ko kaɗan. Da yana da shi, da na samu inda zan kama. Kullum da safe sai ya zo har teburina ya rusuna.

"Yaya Isufu, an kwana lafiya? Ina iyali?"

In amsa da kyar. Ya ce in zo ya nuna mini yadda ake magana da na'urar ta baƙin allo, inda ake rubuta mata umarni. In ce ina da aiki. Ina da aikin me? Kwan fitila nake canjawa.

Ku riƙe wannan, don shi ne gindin labarin. Kwantaran aikin Lawali na wata shida ne. In zagayen allura ya tafi daidai, za a mayar da shi cikakken ma'aikaci. In bai tafi daidai ba, ya koma inda ya fito. Matarsa da 'ya'yansa biyu suna Damagaram. Har ya taɓa jan hannuna ya nuna mini wani gida mai bishiyar dogon yaro a tsakar gida, ya ce in an sabunta masa, nan zai kawo su. Na ce Allah ya sa. Bakina ne ya faɗa.

Aka fara zagaye, sai ga matsala. Ƙungiyar Habu, wani dattijon mai allura da ke bin rijiyoyin Tenhiya, ita ce ta fara kawo ƙara. Da safe na'ura lafiya lau. Da rana su kashe ta su huta. In za a koma aiki bayan azahar, a danna a danna, shiru. Sai su koma rubutu a bayan kwalin magani da duk abin da hannu ya kai, rabi ya ɓace a hanya. Ba a jima ba ƙungiyoyin wajen Belbeji ma suka kawo irin wannan labari. Abin mamakin, in an kawo na'urar buro an sa mata wuta, tana tashi, amma sai ta ce ita ba ta da batiri. Ga batiri a jikinta kana gani da idonka, ita kuwa ta rantse babu.

Lawali ya duƙufa. Ni kuma ina bayansa ina yi kamar ina neman sukurdireba, ina leƙe. A cikin Linux akwai wani wuri da na'urar take jera duk inda take samun wuta: ga na waya, ga na batiri. Na batirin ne yake ɓacewa ɗungurungum. Ya gano cewa in ya cire batirin, ya zare waya, ya danne maɓallin kunnawa kamar rabin minti, sannan ya mayar ya bar ta a wuta yini guda, sunan batirin yakan dawo. Batira biyu dai ba su dawo ba har abada. Amma wannan jinya ce, ba magani ba, don mako na zagayowa sai a sake kawo masa gawa.

Ya buɗe littafin da na'urar take rubuta wa kanta duk abin da ya faru da ita. Layi na ƙarshe kullum iri ɗaya: an kashe ta da tsakar rana, lafiya, batiri kusan cike. Daga nan babu komai, don na'urar da ke kashe ba ta rubutu. Sai ya ɗauka ko Linux ɗin ne ba ya kashe ta har ƙarshe, yana barin ta tana cin wuta a ɓoye. Ya canja zuciyar tsarin, ya sa wata tsohuwa, ya sa wata sabuwa. Ya gyara yadda in an rufe murfi za ta mutu gaba ɗaya maimakon ta yi barci. Ya kashe guda ya kulle a durowa kwana uku, ya buɗe, batiri yana nan yadda ya bar shi. Ya ce to ko zafi ne. Ya ɗauki guda ya sa a jaka ya ajiye cikin mota a rana tun hantsi har la'asar. Ya fito da ita da zafi kamar an sauke tukunya, ya kunna, ta tashi. Duk abin da ya gwada, yana rubutawa a wani littafi mai koren bango. Mutumin ya rame, wuyan rigarsa ya yi masa yawa.

Ni na gano abin, kuma ba da wata basira ba. Firjin da ake ajiye maganin allura a motar Tenhiya ne ya fara wasa, aka ce in bi su in duba. Na gyara shi tun a hanya, mota ta sauke mu ta wuce. Aka yi aiki har rana ta take, Habu ya kashe na'ura ya sa a jaka, muka koma gindin wata aduwa. Makiyaya suka kawo nono, aka ɗora shayi. Can sai ga wani dattijo, Arɗon wurin, ya zo da ƙullin rawani a hannu. Ya tsuguna ya kwance. Wayoyin salula ne, sun fi goma, duk matattu.

Habu ya dube ni, ya dubi wayoyin. Sai ya zura hannu a aljihu ya fito da wata igiya mai kawuna uku, ya buɗe bakin jaka kaɗan, ya soka ta a gefen kwamfutar. Wayoyi uku suka kawo haske. In sun ɗan samu, a cire a sa wasu. Haka aka yi ta yi har aka sha shayi na uku.

"Malam Isufu, ka rufa mana asiri," in ji Habu, murya ƙasa-ƙasa. "Ai kashe take, ba mu kunna ta ba, cuta ba za ta shiga ba. Mutumin nan kwana biyu ya yi yana koro shanu don mu. Ɗansa yana Agadas, rabon da ya ji muryarsa an fi mako uku. Ya ba ka nono, ya ba ka inuwa, ya ce ka sammasa wuta, ka ce masa an manna takarda? Wallahi baɗi ko akuya ba zai kawo ba."

Na leƙa ramin da ya soka igiyar. Mai launin ɗorawa ne. Na san shi sarai. Irin ramin nan ne da yake ci gaba da ba da wuta ko na'ura tana kashe, sai in an shiga saitin farko, wanda ke fitowa kafin kowane tsari ya tashi, an hana shi. Wayoyi goma a kan tsohon batiri ɗan kasuwa, ai sai su tsotse shi har ƙasa. Batiri kuwa in ya faɗi ƙasa da ƙima, akwai ɗan ƙaramin mai gadi a cikinsa da yake kulle ƙofa ya daina amsa kira. Shi ya sa na'urar take cewa babu batiri. Babu ruwan Linux, babu ruwan zafi. Aikin minti biyar ne.

Kun san abin da na ji a gindin aduwar nan? Daɗi. Wani sanyi ya ratsa ni har tafin ƙafa. Na ce a raina, ashe dai akwai abin da mai tabarau bai sani ba. Na ce wa Habu kada ya damu, bakina alaikum.

Da muka dawo ran Alhamis, tun ban sauke jaka ba Lawali ya tare ni a bakin ƙofa.

"Yaya Isufu, sannu da hanya. Don Allah, ka ga wani abu a can? Ko yaya yake, ko kana ganin ba shi da amfani."

Na dube shi cikin ido na ce, "Rana dai da rairayi."

Ya gyaɗa kai, ya yi mini godiya. Godiya fa!

Mako na gaba ya roƙi Shef ya sa shi a takardar misiyon, ya bi su da kansa. To wa zai fito da igiya a gaban wanda ya manna takarda? Habu ya riga ya raɗa wa Arɗo, ko waya ɗaya ba ta fito ba. Na'ura ta yi aiki tun safe har yamma ba ko tari. Lawali ya dawo ya fi da rikicewa. Da aka ba ni labari, sai da na shiga ɗakin ajiya na yi dariya ni kaɗai.

Damagaram kuwa sun gaji da rapor mai giɓi. Da zagaye ya zo ƙarshe, Shef ya tara mu. Ya tambayi masu allura, kowa ya sunkuyar da kai ya ce shi dai na'ura ce take mutuwa. Ya tambayi Lawali. Ya miƙe ya karanto duk abin da ya gwada, ɗaya bayan ɗaya, sannan ya rufe littafin ya ce, "Shef, ban gano ba. Ba zan ɗora wa kowa ba." Sai Shef ya juyo wurina, karo na farko cikin wata biyar.

"Isufu, kai ka daɗe da na'urorin nan. Me ka gani?"

Habu yana kallona. Lawali yana kallona. Na gyara murya na ce, "Ranka ya daɗe, ni dai lokacin tsohon tsari ban taɓa ganin irin wannan ba."

Ba ƙarya na yi ba. Lokacin tsohon tsari na'urorin ba su taɓa zuwa daji ba, a kan tebur suke kwana. Amma na san yadda za a ji maganar, kuma don a ji ta haka na faɗe ta. Shef ya rubuta wani abu a takardarsa. Ba a sabunta kwantaran Lawali ba.

Ranar da zai tafi, ya zo teburina da littafin nan mai koren bango. Ya ce, "Yaya, ga wannan, kada ka sake wahalar da na riga na sha. In na yi maka wani laifi a zaman nan, ka yafe ni." Na ce babu komai. Na raka shi tasha, har na riƙe masa jaka, ina jin kaina kamar wani mutumin kirki. Motarsu ta bi ta gaban gidan nan mai dogon yaro.

Da na dawo na buɗe littafin, don in ga inda ilimin digiri ya ƙare. Shafi bayan shafi, rubutu tsaf, abin da ya gwada da abin da ya fito. A shafin da ya tsaya, ya rubuta, da Hausa ba da Faransanci ba: "Ina jin abin ba a cikin na'ura yake ba, a hannun mutane yake. Akwai abin da ake yi da ita bayan an kashe ta. Ni baƙo ne, kuma ni na kafa doka, ba za su gaya mini ba. A tambayi Yaya Isufu, shi suke sakin jiki da shi."

Na karanta ya fi sau biyar. Ashe ya iso har bakin ƙofa. Abu ɗaya ya rage masa, ya zo ya tambaye ni, ni kuma na ce masa rana da rairayi.

Kada ku ɗauka daga nan na tashi na tafi wurin Shef na faɗi gaskiya. Ina! Sai da na bari mako biyu suka wuce, don kada a ce da ma na sani. Sannan na shiga saitin farko na kowace na'ura na kashe wutar ramin nan. Na kuma san in na tsaya nan na jefa su Habu cikin kunya a gaban masu masaukinsu, sai na ce wa Shef a ba kowace ƙungiya ɗan ƙaramin faranti mai ɗaukar wutar rana, mai ramuka da yawa, na makiyaya. Linux ɗin ma ban taɓa shi ba, shi ne kuke aiki da shi har yau. Zagaye na gaba ko na'ura ɗaya ba ta mutu ba. Shef ya yabe ni a gaban baƙi daga Damagaram, kofin shayi na farko ya dawo teburina. Na sha, amma wallahi bai ƙara yi mini daɗin da ba.

Sai bayan shekara guda, bayan an canja wa Shef wurin aiki, na iya kiran Lawali. Na same shi yana gyaran wayoyi a wata rumfa a Damagaram, ina jin hayaniyar kasuwa a bayansa. Na gaya masa komai, da aduwa, da igiya mai kawuna uku, da maganar da na yi a taro. 

Da na gama sai ya ce, "To makiyayan fa? Ina suke sa wayoyinsu yanzu?"

Na gaya masa zancen farantin. Ya ce, "Madalla, wannan dabara ce mai kyau, ni ba zan taɓa tunaninta ba. Ka rubuta a littafin, akwai sauran shafi." Na ce ya yafe ni. Ya ce, "Allah ya yafe mana baki ɗaya, Malam Isufu." Muka yi sallama. Tun daga ranar muna gaisawa da salla, yana amsawa da mutunci, amma bai sake ce mini Yaya ba.

Abin da na koya a aikin nan, na'ura ba ta iya gaya maka abin da aka yi da ita bayan an kashe ta. Wannan a bakin mutane yake, kuma mutane ba sa gaya wa wanda suke tsoro. Shi ya sa ake sa mu biyu-biyu, wanda ya san cikin na'ura da wanda ya san bakin rijiya. In ɗaya ya rufe bakinsa don ɗayan ya faɗi, batiri dai za a gyara shi daga baya, amma gidan nan mai dogon yaro wani ne ya shiga.

Littafin yana cikin durowar can ta ƙasa. Shafi na ƙarshe rubutuna ne, na kusa da shi na Lawali. Duk wanda zai karanta nawa, ya fara karanta nasa.